Ranar da Wayar Kawu Illo Ta Haye Ƙorama

Yau kwana tara ke nan hadari yana haɗowa da la'asar ta gabashin Madawa. Sai ya yi baƙi, ya turo iska mai sanyi har kaji su fara neman mafaka, sannan ya watse ya bar mu da zufarmu. Ni kuwa a irin wannan lokaci ba na iya zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki in fito, in ɗauki waya in duba, in ajiye, in sake ɗauka. Jiya Rakiya, matata, ta tambaye ni ko tabarmar gidan nan ƙaya gare ta. Na san abin da ke tsikarata, kuma ba zafi ba ne. Duk shekara in an shiga jiran ruwan shuka sai bazarar nan ta dawo mini, wadda aka kawo mana Madam a cikinta, aka kuma karɓi makullin Kawu Illo.

Sunana Asumane, direba ne ni. Kamfanin da nake wa aiki yana raba wa masu butiki, wato ƙananan kantuna, kaya: shinkafa, mai, sabulu, sukari, taliya. Depo ɗinmu, inda muke lodi, yana Madawa, motocinmu ƙanana shida. Hanyata daga Madawa zuwa Buza. Kawu Illo kuwa tare muke fita, sai in mun kai Buza in tsaya, shi ya zarce wajen Keita har Ibohaman, garinsu. Ba kawuna ne na jini ba. Shi ya koya mini tuƙi ina da aurena, bayan albasa ta karya ni shekara biyu a jere, shi ya kuma kai ni ga masu kamfanin ya ce ya tsaya mini. Tun zamanin da ake jigilar duwatsu a faƙon Keita don tare ruwa yake kan sitiyari. Babu ƙoramar da bai san halinta ba tsakanin Buza da Ibohaman, babu mai butikin da bai san sunan uwarsa ba.

Da can aikinmu takarda ne. Ka sauke kaya, mai butiki ya ƙirga, ya dangwala yatsa, a kawo maka hura ka sha, ka wuce. In kaya sun isa kafin rana ta faɗi, ka yi aikinka, ba mai tambayarka inda ka yi salla.

Daminar da ta gabaci wannan bazara ba ta yi ba. Ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi ke fidda kai, abin da aka girbe bai kai ko'ina ba. Kafin zafi ya kankama, wana ya aiko daga ƙauyenmu na wajen Sabon Gida cewa sun share ƙasan rufewa, rumbunsu na ƙasa. A gidana Rakiya tana da ciki wata bakwai. Da safe ta dama kunu tsararo, da rana a jiƙa garin rogo da ɗan mai da yaji, tuwo sai da maraice, shi ma ta koyi yadda za ta kwashe shi ƙanana don a ga kamar da yawa. Ina kallonta tana kankare tukunya ta ce ita ta fi son ƙanzo, ni kuma in yi kamar na yarda. Aikin motar nan shi ke riƙe da gidana da rabin gidan wana, kuma kowane direba a depo labarinsa ke nan.

Zafin kuwa ba a magana. Da hantsi sitiyari ba ya taɓuwa sai ka naɗe shi da tsumma. Ruwan bido, jarkarmu ta sha, in ya kai azahar, ana iya dafa shayi da shi. A kan hanyar Buza sai ka ga tumaki sun cusa kawunansu ƙarƙashin cikin juna, ba su ko ɗagowa don ƙarar mota. Masu butiki sun rage abin da suke karɓa, motocinmu suna fita da rabin lodi.

Cikin wannan hali Mushe Bubakar, shugaban depo (Mushe ɗin na Faransanci ne, kamar a ce malam), ya tara mu wata safiya ya raba mana wayoyin salula sababbi. Ya ce daga yau babu takarda, akwai aplikasiyo, manhajar cikin waya. Ƙarfe shida ka danna ka buɗe rana. Ka bi hanyar da ta zana maka. A kowace butiki ka ɗauki hoton kaya da ƙofa, ka danna. In ka tsaya fiye da minti goma sha biyar a inda ba butiki ba, laifi ne. In ka kauce hanya, laifi ne. In ka kai kaya ba ka danna ba, kamar ba ka kai ba. Duk Juma'a za a lika jerin sunaye, kowa da makinsa da launinsa: kore, ɗorawa, ja. Wanda ya yi ja sati uku a jere, ya ajiye makulli.

Muryar mace ce a cikin wayar, tana magana da Faransanci a tsanake, ba ta fushi, ba ta kuma jin roƙo. Kafin sati ya ƙare mun sa mata suna Madam. Ni na yi firamare, na kama ta da wuri, har na fara jin daɗin ganin sunana a kore. Amma ta canza mini zama. Na daina amsa gaisuwa da tsawo. In mai butiki ya fara tambayar mutanen gida, idona na kan waya. Sallar azahar ma sai na ga ina yin ta kamar ana korata.

Kawu Illo bai yi boko ba. Yatsunsa kuma sun yi kanta, ya danna sau uku gilashin bai ji ba, sai ya lashi yatsa ya sake. Hotunansa rabin sama ne, rabin babban yatsansa. Kaya kuwa ko kwali ɗaya bai taɓa ɓata ba. Sai dai ba ya wuce tsohuwa da kaya a ka cikin wannan rana, ba ya yin salla a tsaitsaye, kuma in an yi rasuwa a garin da ya bi, sai ya sauka ya yi gaisuwa. Madam duk tana rubutawa.

Juma'ar farko da ya ga sunansa a ja dariya ya yi.

“Ni dai kaya nika kaiwa,” in ji shi. “In kaya sun isa, mi ar ruwan macen ga da wurin da niy yi salla?”

“Kawu, ba ni na ba,” in ji Mushe Bubakar. “Sistem na. Ni ma akwai mai duba nawa maki a Yamai.”

Juma'a ta biyu bai yi dariya ba. Ya daɗe tsaye gaban takardar, shi da ba ya karatu, yana kallon jan layin. Daga ranar na zauna da shi kullum da safe ina nuna masa wurin dannawa. Litinin ya yi ƙoƙari, Talata ma haka. Sauran kwana biyu ya fita daga ja.

Ran Talatar nan da la'asar, muna lodin gobe a depo, matarsa ta kira shi daga Ibohaman. Ruwa ya sauka, ruwan kirki, ta tona ƙasa har gwiwar hannu tana samun laima. Na ga fuskarsa ta washe, sai kuma ta koma. 'Ya'yansa maza biyu suna ci-rani, ba su dawo ba. A gida sai ita da surukansa mata. Ya riga ya yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, wata guda da ya wuce, zafi da ɓeraye sun cinye, irin da ya rage shi ne na ƙarshe. Mata za su zuba iri su rufe da diddige, amma sai an samu namiji a gaba yana sara da sungumi, kuma a ranar kowane namiji gonarsa yake. Ƙasar tudu kwana biyu take riƙe laima.

Ya je wurin Mushe Bubakar, na bi shi.

“Mushe, kwana guda nika roƙo. In yi shuka in komo.”

Mushe ya juyo masa da fuskar na'urarsa kamar zai iya karantawa. “Duba nan, Kawu. Akwai rashin lahiya, da takardar likita. Akwai lalacewar mota. Babu shuka. In salularka ba ta buɗe gobe ba, ja ce, kuma ka san ta uku ke nan.”

Muka fito. Kawu ya zauna kan taya ya cire hula yana juya ta a hannu. Ni kuwa na kasa zama. Na je bakin ƙofa na dawo, na zaga motata na dawo. A garinmu in aiki ya fi ƙarfin mutum, gayya ake yi, a ɗauke masa. Tunanin da ya zo mini ke nan, kuma har ga Allah a lokacin na ji ni mai wayo ne.

“Kawu, ba ni salularka.”

“Ka yi mi da ita?”

“Madam ba ta san huskarka ba, tafiyar waya ta sani. Lodinmu rabi-rabi na, mota guda ta ɗauka. Kullum tare muka hita har Buza, ba mai ganin wani abu. In na gama nawa in rufe, in wuce da naka. Butiki biyar na gobe.”

Ya daɗe yana kallona. “Asumane, abin ga bai kwanta mini ba.”

“Gayya ta, Kawu. Kai da sungumi, ni da salula.”

Ya miƙo mini ita. Kowane direba a masaukinsa yake kwana da mota, don haka kafin magariba mun kwashe kayansa zuwa tawa, muka bar tasa ƙarƙashin dogon yaro a bayan masaukinsa. Ya hau babur ɗin wani mai zuwa Keita ya tafi.

Ƙarfe shida na safe na buɗe wayoyi biyu, na jera su gabana. Madam biyu suna magana tare, ɗaya na bin bakin ɗaya. Garin ya yi sanyi, an sake yin ruwa kan duwatsu kafin asuba. Ko'ina ka duba mutane ne a gona, maza a gaba sungumi na tashi yana sauka, mata a baya da ƙorai. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar. Na gama nawa a Buza da hantsi, na rufe wayata, na wuce. Butiki biyu na farko na sauke, na ɗauki hotuna tsaf, na danna.

Sauran ukun suna wani ƙauye a hayin babbar ƙoramar da ke kan hanyar Keita. Tun daga nesa na ji rurinta. Jiya yashi ne busasshe, yau ruwa ne ja, faɗinsa ya fi jifa, yana tafe da rassan itace da karan bara. Motoci sun yi layi a bakin gaɓa. Direbobi sun shimfiɗa tabarmi, wani har ya hura gawayi ya ɗora shayi.

Na san ƙa'idar wurin, Kawu ne ya koya mini ita ranar da ya fara kawo ni nan. Ka kafa kara a daidai bakin ruwa, ka koma ka zauna. In ruwa ya ja baya ya bar karan da taku uku, sannan a fara maganar hayewa. Kafin nan ko gwamna ne jira zai yi. Na ga karan a kafe, wani dattijo ya riga ya kafa, ruwa na lasar gindinsa.

Na zauna a mota. Minti goma. Na fito na duba karan, na koma. Madam ta yi ƙara, ta ce an tsaya a inda ba a yarda ba. Na duba fuskar wayar, wani ɗigo ya koma ɗorawa. Na sake fita. Wani direban babbar mota ya miƙo mini kofin shayi.

“Zamna, malam. Ruwan ga zuwa azahar ya kwanta.”

Azahar saura awa uku. Na lissafa jan da awa uku za ta zubo wa Kawu. Na ce a raina, mutum ya ba ni amanar wayarsa, in zauna shan shayi tana yin ja a hannuna?

Akwai mazan ƙauyen da ke haye da kayan mutane a ka in ruwa ya sassauta. Na same su, suka ce bai yi ba tukuna. Na nace, na nace, har biyu suka yarda don kayan ba su da yawa: kwalin sabulu, kwalin taliya, jarkar mai, buhun sukari ƙarami. Na ƙulle wayar Kawu a leda, na sa ta cikin hula, na ɗaure da rawani. Na ɗora kwali a kai na bi bayansu. Dattijon mai kara ya kira ni sau biyu, ban waiwaya ba.

Ruwan sanyi ƙarara. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafata kamar ana janye tabarma. A tsakiya ya kai mini ƙirji. Wani reshe ya buge ni a haƙarƙari, na yi tangaɗi, na gaban ya cafke mini riga. Na tuna Rakiya da cikinta, tsoro ya kama ni sosai. A daidai nan, daga cikin hulata, Madam ta ce in ci gaba kai tsaye.

Sawu biyu muka yi. A hayi na samu mai amalanken jaki ya kai ni ƙauyen. Na sauke, na ɗauki hotuna, na danna, na rufe ranar Kawu ba tabo ko ɗaya in ban da ɗigon nan. Da na dawo bakin ƙorama bayan azahar, ruwa ya bar karan da nisa, yara ma suna hayewa.

Kawu ya dawo ran Alhamis da asuba, laka a faratansa, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya shuke gonar duka. Ran Juma'a aka lika takarda, sunansa a kore, Larabarsa ta fi ta kowa. Direbobi suka yi ta tsokanarsa wai tsoho ya shawo kan Madam. Ya yi murmushi kawai. Ni kuwa ranar har tafiyata ta canza.

Ran Litinin Mushe Bubakar ya kira mu biyu, ya rufe ƙofar biro, ofishinsa. Bai ce mu zauna ba.

“Kun san an soke Laraba?” in ji shi. “Duk motar da ke hanyar Keita ran nan, ta kowane depo, ta tsaya bakin ruwa. Yamai sunka ga haka sunka ce ruwa na, kar a lissafa ranar ga kowa, wanda ya hita da wanda bai hita ba. Sai sunka ga mota guda ta haye. Sunka ce bari mu ga wanga gwani.”

Ya juyo da na'urar. Ga layin tafiyar Kawu, ya haye ruwa, ya dawo, ya sake hayewa, sannan ya bi hanya a hankali.

“Motarka ta yi iyo sau uku, Kawu, kuma ta yi tahiyar jaki awa guda. Hotunanka ko yatsa babu.” Ya kalle ni, ya mai da ido ga Kawu. “Da salular ga ta kwana a aljihunka a kashe, da ba abin da ya same ka. Yanzu kuwa ha'inci sunka rubuta. Sun ce in ba su sunan duk mai hannu ciki.”

Na buɗe baki, Kawu ya riga ni.

“Mushe, ni nis sa shi. Ni nik koya mai tuƙi, ni nik kawo shi nan. In na ce mai riƙe, ba shi iya ce mini a'a. Rubuta sunana ni ɗai.”

Mushe ya dube ni. “Hakanan na, Asumane?”

Maganar tana bakina. Kalma huɗu ce ko biyar: dabarata ce, ya ma ƙi. Amma na ga kwanon garin rogo, na ga Rakiya tana kankare tukunya, na ga saƙon wana. Na sunkuyar da kai na yi shiru, kuma kowa a ɗakin ya san abin da shirun ke nufi. Kawu ya ciro makulli daga aljihun gaba ya ajiye kan tebur, ya ɗora wayar a gefensa. Ya ce a duba ruwan batir, yana ƙasa. Ya yi wa Mushe sallama ya fita.

Ni gargaɗi aka ba ni a takarda. Aka kuma ba ni hanyarsa.

Daminar nan duka ina bi ta Ibohaman sau biyu a sati. Gonarsa tana gefen hanya. Na ga hatsin ya tsiro, na ga ya kai gwiwa, na gan shi a sunkuye yana noma shi kaɗai. Yakan ɗago hannu, in danna oda in wuce. Ina ce wa kaina Madam ce ba ta bari in tsaya. Ƙarya nake, minti goma sha biyar sun isa a gaisa, kunya ce ta hana ni.

Da kaka, ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ga sallama a ƙofar gidana. Kawu ne, ya rame, ya yi baƙi, ga damin hatsi a bayan babur ɗin da ya kawo shi. Rakiya ta fito da jaririya ta gaishe shi, ya karɓe ta ya yi mata addu'a. Ya nuna damin da haɓa.

“Rabonka na. Wanda yay yi gayya shina ci.”

“Kawu,” na ce, “ran nan a biro...”

Ya ɗaga hannu ya tsai da ni. Ya kurɓi ruwan da aka kawo masa, ya ajiye kwanon a hankali.

“Ruwan ya kai maka ina?”

“Ƙirji.”

Ya girgiza kai. “Ba ka ga karan ba?”

“Na gani.”

“Shekara nawa ina hwaɗa maka,” in ji shi. Ya tambayi lafiyar wana, ya tambayi ko an gyara birkin motarsa, ya tashi don kar babur ya bar shi.

Ba mu ci damin ba. Na kai wa wana ya sussuke ya ajiye iri, shi muke shukawa har yau. Sunana bai sake fita daga kore ba, sababbin direbobi ni ake turo wa in koya musu dannawa. Ina koya musu, in muka kai bakin ƙoramar nan kuma in nuna musu yadda ake kafa kara. Suna saurare da ladabi, idonsu na kan waya.

Yanzu ma ga shi hadarin ya sake haɗowa, wannan karon da walƙiya ta wajen Keita. Rakiya na kwashe shanya. Gobe Laraba, hanyar Ibohaman ce da ni. 'Ya'yan Kawu bana ma ba su dawo ba, kuma an ce mini bayansa ba ya barinsa ya daɗe a tsaye. Tun shekaranjiya na sayi sungumi, yana bayan kujerar mota, na rufe shi da buhu.